Hoton RAW yana da kaifi a wurin gyara, in na fitar da shi sai ya dusashe

Mai-Bin-Tsuntsaye ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Wata matsala ce ta hana ni sakat, ina roƙon wanda ya fi ni sani ya haska min hanya.

Tsuntsaye nake ɗauka, kuma kullum a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto kamar yadda kyamara ta ɗauko shi. Kyamarata mai megafiksel 24 ce, hoton yana fitowa da fiksel 6000 a faɗi, 4000 a tsaye. Ina gyara a Lightroom Classic, a laftof mai allon inci 15.6, fiksel 1920 da 1080. Akwai wata kurciya da na samu ta sauka a kan reshe, hasken safe ya bugo ta ta gefe. In na zuƙo hoton a wurin gyara zuwa kashi 100, ana iya ƙirga silin gashin wuyanta ɗaya bayan ɗaya, har ɗigon hasken da ke cikin idonta ya fito tar. Na ɗauke ta a saurin ɗauka 1/1600 na daƙiƙa, buɗin lens f/7.1, ISO 800, don haka ba rawar hannu ba ce, kuma fokas a kan ido ya sauka.

Matsalar tana farawa da zarar na fitar da hoton zuwa JPEG. Ga yadda nake yi: inganci 100, ba na rage girma ko kaɗan don kada in yi asarar komai, ina barin 300 a wurin fiksel a kowane inci, launi kuma ProPhoto RGB, don an ce min shi ya fi ɗaukar launuka. Akwatin ƙara kaifi da ke can ƙasa ba na taɓa shi, tunda na riga na ƙara kaifi lokacin gyara. Fayil ɗin yakan haura megabait 15. Amma in na buɗe shi a manhajar kallon hoto ya cika allo, sai in ga gashin nan ya haɗe wuri ɗaya ya yi laushi, idon ma ya yi dishi-dishi. In kuwa na ɗora shi a shafin da muke musayar hotuna, abin ya ƙara lalacewa, har launin ƙirjinta ya koɗe ya koma toka-toka.

Wallahi abin yana ci min rai. Tsuntsu ba ya jiran mutum, sai ka daɗe a tsugune kafin ka samu irin wannan, sannan abin da mutane za su gani bai kai rabin abin da ka ɗauka ba. Ba bugawa nake yi a takarda ba, a allo kawai nake so a gani. To a ina kaifin yake zubewa? A fitarwa ne, ko akwai abin da ya kamata in kunna da ban kunna ba?

Sabon-Hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni ma ban daɗe da farawa ba, amma a ganina JPEG ne yake cinye miki hoton, tunda matse fayil yake yi. Ki gwada fitarwa a TIFF, ki kuma ɗaga 300 ɗin nan zuwa 600. Ni in na ga hoto ya yi laushi nakan ja ma'aunin kaifi a wurin gyara ya kai 100 ko fiye, sai in ga ya ɗan farfaɗo.

Tsohon-Mai-Hoto ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki canza komai, yi wannan gwajin tukuna. Buɗe JPEG ɗin da kika fitar, ki zuƙo shi zuwa kashi 100 daidai, ki je kan idon kurciyar. Sannan ki buɗe RAW ɗin a wurin gyara, shi ma a kashi 100, a kan idon. Ina da yaƙinin za ki tarar da su kusan iri ɗaya. In haka ne, to fitarwa ba ta ci miki komai ba, kaifin yana nan a cikin fayil. Abin da ya same ki shi ne kin kwatanta abu biyu da ba sa kwatantuwa: RAW a kashi 100, da JPEG da aka takure ya shiga allo.

Mu yi lissafi. Allonki fiksel 1080 ne a tsaye, hotonki kuma 4000. Kafin ya cika allo dole a rage shi zuwa 1620 da 1080, wato kowane gefe ya ragu kusan sau 3.7. Ma'ana, fiksel kusan 14 na hotonki ake curewa a mayar da su ɗaya. Silin gashin da faɗinsa fiksel biyu ne ko uku a asali, yanzu bai kai fiksel ɗaya ba, an gauraya shi da na kusa da shi an ɗauki matsakaici. Wannan ragewar ba makawa sai an yi ta, tambayar kawai ita ce wa zai yi. Da kika ƙi ragewa da kanki, sai kika bar wa manhajar kallo aikin, ita kuwa sauri ta sa a gaba, so take hoton ya bayyana nan take in kin danna. Wasu manhajojin suna ragewa da kyau, wasu suna barin hoton da laushi, wasu kuma su bar gefuna da zara-zara. Kuma yawancinsu ba sa ƙara kaifi bayan sun rage.

Nan ne maganar akwatin da kika ƙi taɓawa ta shigo. Kin ce kin riga kin ƙara kaifi lokacin gyara. Gaskiya ne, amma wancan kaifin aikinsa daban. Hoton RAW da laushinsa yake zuwa, haka aka yi shi. Kowane ɗigo a kan sensar yawancin kyamarori launi ɗaya tak yake gani, saboda tsarin matatar launi da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka ba shi rajista a 1976: rabin ɗigogin kore, kwata ja, kwata shuɗi. Sauran launuka biyun manhaja ce take ƙiyasta su daga maƙwabta. Ƙari a kan haka, kyamarori da yawa suna da wani siririn gilashi a gaban sensa da yake ɗan dusasar da hoton da gangan, don hana zanen bogi fitowa a kan abubuwa masu ƙananan layuka kamar yadi. Kaifin da kike ƙarawa a wurin gyara, wanda Lightroom kan fara da 40 da kuma faɗin fiksel 1.0, wannan laushin yake magancewa. To ki lura da adadin nan: fiksel ɗaya. Ƙara kaifi ba komai ba ne illa a ƙara wa gefen abu haske ta ɓangare ɗaya, a ƙara masa duhu ta ɗaya ɓangaren, a kan ɗan siririn layi. In layin nan faɗinsa fiksel ɗaya ne, aka rage hoton sau 3.7, sai ya koma kusan kwatan fiksel. Hasken da duhun suka haɗu suka kashe juna. Kaifin ya tafi, ko da kin kai shi 150.

Shi ya sa, ɗana Sabon-Hannu, ba na ba da shawarar jan ma'aunin nan zuwa 100. Abin da zai ƙaru shi ne ɗige-ɗigen ISO (ƙurar da ke fitowa a hoto in an ɗaga ƙarfin jin hasken kyamara) a bayan tsuntsun da kaushi a babban hoto, amma ƙaramin hoton da za a gani a allo bai amfana da wani abin kirki ba. Maƙeri ba ya wasa wuƙa sannan ya mayar da ita wuta ya rage mata girma, wasawa ita ce aikin ƙarshe. Marigayi Bruce Fraser, wanda ya rasu a 2006, shi ya shahara da raba aikin nan gida uku: kaifin farko don gyara laushin kyamara, kaifi na biyu a wuraren da mai hoto ya zaɓa kamar ido, sai kaifi na ƙarshe wanda ake yi bayan hoton ya kai girman da za a kalle shi. Na ukun ne ya ɓace miki.

Ga abin da za ki yi. A wurin fitarwa ki kunna Resize to Fit, wato akwatin rage girma. In don allonki ne, ki sa faɗi 1920, tsayi 1080, zai ba ki 1620 da 1080, ya zauna a allon fiksel a kan fiksel ba tare da wata manhaja ta sake taɓa shi ba. Sai ki kunna Output Sharpening, wato akwatin ƙara kaifin nan da ba kya taɓawa, ki zaɓi Screen, ki fara da Standard. Lightroom yakan rage girman tukuna sannan ya ƙara wannan kaifin, wanda shi ne tsarin da ake so. Ki fitar da hoto ɗaya sau uku, Low da Standard da High, ki jera su ki bar idonki ya yanke hukunci. Ga gashin tsuntsu ni Standard nake tsayawa galibi.

Batun 300 ko 600 kuwa, ku manta da shi gaba ɗaya in dai allo ne. Lamba ce kawai da ake rubutawa a jikin fayil don a gaya wa firinta yadda za ta shimfiɗa hoton a takarda: fiksel 6000 a kan 300 ya ba da inci 20. In kin ba da girma a fiksel, ko 72 kika rubuta ko 600, fiksel ɗin hoton ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Allo bai san da zaman lambar ba. TIFF ma ba zai taimaka ba, don shi ma sai an takure shi kafin ya shiga allo, kuma yawancin shafuka ba sa karɓarsa.

Mai-Bin-Tsuntsaye ta rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na yi gwajin kamar yadda ka ce, kuma haka ne: a kashi 100 JPEG ɗin da RAW ɗin ba su da bambancin da idona ya iya kamawa. Na fitar da 1620 da 1080 da Standard, na buɗe shi ya cika allo, gashin wuyan ya dawo, idon ya fito garau. Fayil ɗin ma bai kai megabait 2 ba. High ya yi min yawa, gashin ya fara yin kaushi, bai yi kama da na tsuntsu mai rai ba.

Amma saura biyu. Na farko, da na ɗora wannan sabon a shafinmu na buɗe a burauza, sai na ga ya sake yin laushi, ko da yake bai kai na da ba. Abin mamaki, a wayata ya fi kyau fiye da a laftof, alhali shafi ɗaya ne, hoto ɗaya ne. Launin ƙirjin kuma har yanzu a koɗe yake. Na biyu, na gwada wannan tsarin a hoton wani shaho da na ɗauka yana shawagi, bayansa sararin sama ne fayau. Shi kuma sai wani farin layi ya bi gefen fikafikansa ya kewaye shi. A kurciya ban ga haka ba, wataƙila don bayanta ganye ne.

'Yar-Gina-Shafuka ta rubuta:

Sannu 'yar'uwa. Ni ba gwanar kyamara ba ce, aikina gina shafukan intanet, don haka bari in ɗauki tambayarki ta farko, in bar wa Baba ta shaho.

Shiga saitin allon laftof ɗinki ki duba adadin faɗaɗa rubutu da hotuna. Laftof mai inci 15.6 da 1920 da 1080 yawanci a kan kashi 125 ko 150 yake zuwa, don kada rubutu ya yi ƙanana. Burauza tana bin wannan adadin. In yana kan 150, burauza tana ɗaukar allonki a matsayin 1280 da 720 ne, kowane fiksel na shafi sai ta shimfiɗa shi a kan fiksel ɗaya da rabi na allo. Yanzu a ce shafin ya ware wa hoto gurbi mai faɗin 1000, ya kuma yi wa hotonki kwafi mai faɗin 1000 daidai. A allonki gurbin nan fiksel 1500 ne na gaske, sai burauza ta ja ƙaramin kwafin ta buɗa shi ya cika. Hoton da aka rage, aka sake matsewa, sannan aka buɗa da rabi, ba yadda za a yi ya tsira da kaifinsa. Haka ma in kin taɓa zuƙo burauzar kanta zuwa 110 ko 125 kin manta. Danna Ctrl da 0 ta koma daidai.

Abin da ya sa waya ta fi kyau kuwa shi ne cunkoson fiksel. Allon laftof ɗinki yana da kusan fiksel 141 a kowane inci, wayoyi da yawa sun haura 400. A waya ɗigogin sun yi ƙanƙantar da ido ba ya rarrabe su, sai laushin ya ɓuya. Wanda zai kalla a babban allo mai inci 27 da 1920 da 1080, inda fiksel kusan 82 ne a inci, shi zai fi kowa ganin aibin hoton. Ba ki da iko da allon kowa, wannan dole mai ɗora hoto ya haƙura da shi.

Abin da kike da iko da shi shi ne ki hana shafi sake rage miki hoto, ko ki sauƙaƙa masa. Yawancin shafuka suna da iyakar da in aka wuce ta za su rage da kansu. Facebook ya daɗe yana ba da shawarar 2048 a dogon gefe ga mai son inganci. Instagram ya saba da faɗin 1080, hoton tsaye kuma 1080 da 1350. WhatsApp yana matse hoto sosai in an tura shi a matsayin hoto, ko da yake tun 2023 akwai zaɓin HD. In ana so fayil ya isa yadda yake, sai a tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin Document. Shafinku kuma ki tambayi masu kula da shi girman da suke ajiyewa, ko ki buɗe hoton da kika ɗora shi kaɗai a sabon shafin burauza ki ga fiksel nawa ya koma. Duk adadin da kika gani, shi za ki riƙa fitarwa. In kuwa shafin yana barin babban hoto yadda yake, ki ba shi ninki biyu na faɗin gurbin, don masu allo mai cunkoson fiksel su samu abin da zai cika musu.

Launi kuma, ki bar ProPhoto RGB ki koma sRGB, yau ɗin nan. ProPhoto yana da amfani a lokacin gyara, amma intanet a kan sRGB aka gina shi, tsarin da HP da Microsoft suka fitar a 1996. Fayil yana ɗauke da wata 'yar alama da ke gaya wa manhaja yadda za ta karanta lambobin launinsa. Shafuka da yawa suna yar da alamar nan in sun sake matse hoto, sai burauza ta karanta lambobin ProPhoto a matsayin na sRGB, launi ya koɗe, fata ko gashin tsuntsu ya koma toka-toka ko kore-kore. Kuma wannan yana shafar abin da kike kuka da shi, don ido yana gane kaifi ne ta bambancin da ke tsakanin abu da na kusa da shi. In launi ya mutu, bambancin ya ragu, hoto ya yi kamar ba shi da kaifi ko da fiksel ɗinsa lafiya lau suke.

Inganci 100 ma ba dole ba ne. A Lightroom lambobin nan daga 0 zuwa 100 matakai 13 ne kawai a ɓoye, daga 93 zuwa 100 duk abu ɗaya ne. Ni 80 zuwa 85 nake roƙon masu kawo min hotuna su sa. Fayil ya ragu sosai, ido bai ga bambanci ba, shafi ya buɗe da wuri. Abin da za ki guje wa shi ne akwatin nan na ƙayyade nauyin fayil, in kin sa ƙaramin adadi zai rage inganci har ya kai inda ake ganin murabba'an nan na fiksel 8 da 8 da JPEG yake yanka hoto, musamman a sararin sama.

Ɗan-Manhaja-Kyauta ya rubuta:

Ga waɗanda ba Lightroom suke amfani da shi ba, don na san akwai irina a nan. A RawTherapee akwai ƙara kaifi bayan rage girma a ƙarƙashin wurin Resize, sai an zaɓi hanyar ragewa mai suna Lanczos yake aiki, kuma ba a ganin tasirinsa a allon gyara sai an fitar. A darktable akwai zaɓin high quality resampling a wurin fitarwa: in yana kunne, ana yin duk gyaran a cikakken girma, a rage a ƙarshe. A Photoshop kuma in za a rage girma akwai Bicubic Sharper, amma ni na fi son Bicubic zalla sannan in bi shi da Unsharp Mask da hannuna, faɗi wajen 0.3, in riƙa ɗaga ƙarfin ina kallo a kashi 100.

Wani abu da ba a ambata ba, ko da yake ba shi ne matsalar 'yar'uwa ba tunda gwajinta ya nuna fayil ɗin lafiya yake. In RAW ɗinka yana kan diski na waje kuma ba a jone yake ba, Lightroom yana iya fitarwa daga Smart Preview, wato ƙaramin kwafin hoton da yake ajiyewa, wanda dogon gefensa kusan fiksel 2500 ne kawai. Ga ƙaramin hoto na intanet ya isa, amma in ka yanke hoton sosai, kamar yadda masu tsuntsaye suke yi, abin da ya rage bai kai ya cika allo ba.

Tsohon-Mai-Hoto ya rubuta:

Madalla da bayanin 'Yar-Gina-Shafuka, ta faɗi abin da ni ban iya faɗa da kyau haka ba. Wuri ɗaya kawai zan ɗan bambanta da ita. In na san shafi zai sake matse hoton ko ta halin ƙaƙa, na fi son in ba shi fayil mai inganci 90 ko sama, don matsi a kan matsi shi yake fito da datti a gefunan abubuwa. In kuwa shafin zai bar fayil yadda na ba shi, to 80 ɗinta ta wadatar.

Yanzu shaho. Farin layin da kika gani shi ne ainihin abin da ƙara kaifi yake yi, sai dai a nan ya fito fili. Na ce miki ana ƙara haske ta ɓangare ɗaya, duhu ta ɗaya. A kurciya hasken ya faɗa cikin ganye da reshe ya ɓace. A shaho kuwa baƙin fiffike ne ya haɗu da sama mai santsi, babu inda layin zai ɓuya. Kuma sau da yawa ba kaifin fitarwa ne ya haife shi ba, ya dai tarar da shi ya ƙara masa ƙarfi. Koma wurin gyara ki duba abu uku. Kin ɗaga Shadows sosai don cikin fiffiken ya fito, kin kuma sauke Highlights don sama ta yi shuɗi? Kin ƙara Clarity ko Dehaze, ma'aunan nan da ke ƙara bambancin haske da duhu? Waɗannan duk suna iya barin haske mai faɗi a kewayen baƙin abu, kuma shi mai faɗin ba ya ɓacewa in an rage girma, sai ma ya tattaru ya zama siririn layi mai haske. In kin tarar da su a sama, rage su, ki haskaka cikin fiffiken shi kaɗai da burushi ba tare da kin taɓa gefe ba.

Na uku shi ne wurin Detail. Riƙe maɓallin Alt ki ja Masking, allon zai koma baƙi da fari. Fari shi ne inda kaifi zai sauka, baƙi shi ne inda aka tsare. Ki ja har sama ta koma baƙa ƙirin, tsuntsun kaɗai ya rage. Wannan ba zai cire layin gefe ba, amma zai hana ɗige-ɗigen sama samun kaifi, don kaifin fitarwa ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar yake bi. Ki kuma kula da rage ɗige-ɗigen ISO. Mutane suna kallon hoto a kashi 100 su tsorata da ɗige-ɗige, su goge shi sosai, gashin tsuntsu ya tafi tare da shi. Alhali rage girma da kansa yana share mafi yawansa, tunda matsakaicin fiksel 14 ake ɗauka. A ISO 800, ga hoton da za a rage zuwa 1620, ni da ƙyar nake taɓa wannan ma'aunin. Kuma duk hukuncin da za ki yanke a wurin Detail ki yanke shi a kashi 100, don a ƙaramin kallo abin da manhaja take nunawa kintace ne.

In kin yi duk wannan layin bai tafi ba, fitar da shaho da Low. Tsuntsu a sararin sama ba ya bukatar kaifi irin na wanda ke cikin ganye, bambancin baƙi da shuɗi ya riga ya fito da shi. Ki ajiye tsarin fitarwa biyu a gefen hagu na akwatin fitarwa, ɗaya Standard ɗaya Low, dukkansu sRGB, da girman da shafinku yake karɓa, ki riƙa zaɓa gwargwadon abin da ke bayan tsuntsun.

Mai-Bin-Tsuntsaye ta rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, na gode 'yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Laftof ɗin a kan 150 yake. Na buɗe hoton shi kaɗai kamar yadda kika ce, na tarar shafin yana mayar da komai 1600 a dogon gefe, don haka yanzu 1600 nake fitarwa, sRGB, inganci 90, kuma launin ƙirjin ya tsaya. A shaho Dehaze ne yake kan 30, Shadows kuma kusan ƙarshe. Da na rage su na bi cikin fiffiken da burushi, farin layin ya kusa ɓacewa ko a Standard, a Low kuwa babu shi sam.

Tambaya ɗaya ta rage min, Baba. Hotunan da na yanke sosai, waɗanda abin da ya saura bai wuce fiksel 1400 ba, in bar manhaja ta buɗa su zuwa 1600, ko in bar su yadda suke?

Tsohon-Mai-Hoto ya rubuta:

Bar su yadda suke, 'yata. Akwai ɗan akwati a gefen Resize to Fit da aka rubuta Don't Enlarge, ki kunna shi ya zauna a kunne. Hoton 1400 zai fita a 1400. Irin waɗannan ba su samu ragewar da take share ɗige-ɗige ba, don haka su ne za ki ɗan rage musu ɗige-ɗigen a wurin gyara, ki ja Masking sama sosai, sannan ki fitar da Low.